Ruwan da Baba Ya Aike Ni Ɗebowa

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. Mutum zai shigo shagonmu na Sharafiyya da niyyar a ɗaure masa kaya, sai ya manta da kayan, ya ja kujera, ya ce to Abu Faisal, yaya ƙasar Faransawa? Na gaji da gyara musu cewa ba Faransa na je ba, Sanigal na je, wani tsohon birni a bakin kogi da ake kira Sanluwi, masu garin kuma suna ce masa Ndar. Na gaji kuma da maimaita labarin jarka, wanda matata Ummu Faisal ta riga ta baza a gidajen biki da nata ƙarin gishirin. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, a Jidda aka haife ni, a nan na yi furfura, kuma kafin wannan tafiya ban taɓa taka wata ƙasa ba. Fasfona na Nijar ne, ƙasar da ban taɓa gani ba. Sana'ata ɗaurin kayan alhazai. Dabino, darduma, turare, agogo, duk abin da mutum ya jibga zai kai gida, ni ne zan naɗe shi da leda da igiya yadda ko daga bene ya faɗo ba zai ji ba. A ɗaurin ruwa kuwa, tun zamanin da kowa ke cika jarkarsa da zamzam da hannunsa, ba yabon kai ba, babu wanda ya taɓa dawowa ya ce nawa ya yi yoyo.

Ba don Baba ba, da Istambul muka tafi kamar kowa. Baba haifaffen Damagaram ne. Yana yaro, a zamanin Nasara, aka zaɓe shi cikin 'yan lekwal, wato 'yan makarantar boko, aka kai shi makarantar horar da soja a Sanluwi. Bai zama sojan ba. Kakanmu ya ƙi, ya sa aka maido shi, ya taho da shi hajji ta ƙasa, suka zo ba su koma ba. Ya yi ɗinki a Jidda har idanunsa suka ƙare. Amma in kana jin hirarsa, sai ka ɗauka duk rayuwarsa 'yan shekarun nan ne na bakin kogi.

Muna yara a unguwar Madain Fahd, lokacin da famfo kan yi kwana da kwanaki bai ɗiga ba ana jiran tankar ruwa, Baba yakan tara mu a saman gida ya ba mu labarin kogin da ke da ruwa iri biyu. Da rani teku ke tura shi baya, ya zama gishiri, ko jaki ba ya sha. In damina ta yi nisa can ƙasashen sama, sai ruwan daɗi ya sauko jajir da laka. Kafin ya iso, kowace safiya yaran gari sukan gangara ƙarƙashin gada su tsoma yatsa su lasa. Wanda ya fara jin daɗi a harshensa shi zai ruga cikin gari yana shela, mata su riƙa ba shi tukuici. Baba ya ce wata shekara shi ya fara, shi baƙo ɗan Damagaram, da ya tsallake katangar makaranta ya kuma sha bulala a kan haka. Mu da ba mu san wani ruwa ba sai na Bahar Maliya da na tanka, muna jin labarin kamar ana ba mu na Alkausara.

Da sanyin bara Baba ya daina hira. Ya daina tambayar wa ya shigo. Abinci sai an yi da gaske ya karɓi loma ɗaya ko biyu, ya juya fuska bango. Likita ya ce babu ciwo, tsufa ne. Ni dai na san abin da nake gani, domin sana'ata ce: mutum ne ya gama ɗaure kayansa yana jiran a kira jirginsa. Hankalina ya tashi ƙwarai, kuma ban san ta inda zan riƙe shi ba.

Da aka gama aikin hajji, kasuwa ta lafa, kafilina, wato maigidan da nake zama a ƙasar ƙarƙashin sunansa, ya ba ni hutu da izinin fita da dawowa. Na lallaɓa Ummu Faisal ta haƙura da Istambul. Na je na durƙusa kusa da katifar Baba na ce masa za mu Sanluwi yawon buɗe ido. Na ɗauka bai ji ba, har na fara miƙewa. Can ya ce, "Auta, in ka je, ka ɗebo min ruwan. A ƙarƙashin gada, ta gefen tsibiri." Rabon da in ji magana mai tsawon haka daga bakinsa har na manta. Yaya Hadiza, babbar yayarmu, wadda za ta zauna da shi, ta raka mu bakin ƙofa ta ce kada mu daɗe.

Ta Kazablanka muka bi, muka sauka Dakar da hantsi. Jami'in shige da fice ya ga fasfon Nijar, ya saki fuska ya zubo min Faransanci kamar ya ga ɗan ajinsu. Ni kuwa abin da na gada daga Baba bai wuce gaisuwa da ƙirga zuwa goma da rabin wata waƙar maci ba. Na juya na kalli Ummu Faisal. Ita a Damagaram ta tashi, ta yi lekwal kafin goggonta ta kawo ta Jidda. Tun da na aure ta ni ne bakinta a asibiti da ofisoshi, ina mata dariyar Larabcinta. Ranar nan sai ta gyara mayafi, ta ture ni gefe da kafaɗa, ta ce "bon," ta shiga zuba. Daga wannan lokaci har muka dawo ban sake yin ciniki ko na goro ba sai da izininta.

Da jami'in ya duba inda aka haife ni, sai ya tambaya ko Jiddar nan ce ta kusa da Makka. Aka ce masa ita ce. Bawan Allah ya ajiye hatimi, ya buɗe tafukan hannu ya ce in yi masa addu'a. Ni da limamin unguwarmu ya san ni da sahun baya, haka na daure na ja Fatiha, layi na jira a bayana. Sai ya yi ƙasa da murya ya tambaya ko na taho da ɗan zamzam. Na ce doka ba ta ba mazauna ba, sai mai bizar hajji ko umara. Wannan tambaya ita ta bi ni ko'ina a ƙasar. Mutumin da ya ɗaure wa duniya zamzam, ga shi ya zo hannu rabbana.

A tasha muka shiga wata tsohuwar Fijo mai ɗaukar mutum bakwai. Da yake mun zo a makare, kujerar can baya muka samu, inda gwiwa ke gaisawa da haɓa. An ɗaure rago a saman motar, kuma da alama an ba shi ruwa sosai kafin a taso, don ta tagar da nake ya riƙa aiko da saƙo. Ummu Faisal ta yi dariya har da hawaye. Direban ba ya gaggawar komai. Ya tsaya ya sayi mangwaro, ya tsaya ya gaida wata 'yar'uwarsa, ya tsaya muka yi azahar a gefen titi da buta ɗaya.

A wurin sallar nan ne na ga wata ƙatuwar bishiya mai kumburin ciki, na tambayi Ummu Faisal sunanta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Haba Abu Faisal, kuka ce fa. Miyar da kake kuka in ba a yi maka ba." Wallahi tun ina goye nake shan miyar kuka, a leda nake ganin garinta, ban taɓa tunanin daga irin wannan dodon take fitowa ba. Na je na dafa ta, na sa aka ɗauke ni hoto, sauran fasinjoji na kallon ikon Allah.

Da la'asar sakaliya muka iso. Motar haya ta gari ta ɗauke mu daga tasha, muka sha wata kwana, sai ga gada. Ba wanda ya gaya min, na gane ta: baƙin ƙarfe mai baka-baka, yadda Baba yakan zana mana da allin ɗinki a kan teburinsa. A ƙarƙashinta ga ruwa shimfiɗe yana tafiya. Ban taɓa ganin kogi ba sai ran nan. Na san teku, amma teku zuwa yake ya koma, wannan kuwa wucewa yake abinsa ba ya waiwaye. Hawaye suka zubo min, kuma ban ɓoye ba. Direban ya kalle ni ta madubi ya rage rediyo.

Masaukinmu wani tsohon gidan bene ne a tsibirin, mai baranda ta katako da ke ƙara in ka taka. Fentin ya ɓaɓɓare, tagogin sun fi ƙofar gidanmu tsawo. Mai gidan wata dattijuwa ce, Aja Fatu, ƙatuwa, da ɗaurin ɗankwali kamar kwando. Ta taɓa zuwa hajji. Da ta ji sana'ata sai ta buga cinya ta ce ashe yau Allah ya kawo mata ɗaya daga cikin mutanen nan da suka naɗe mata akwati har da makullin a ciki. Na rantse ba shagonmu ba ne. Ta ce duk bakinmu ɗaya.

Su a can ba a gaisuwa sai da sunan zuri'a. Mutum zai kama hannunka ya yi ta maimaita sunan gidanku, kai ma kana maimaita nasu, har ku gaji. Da aka tambaye ni nawa na ce ba ni da shi, sai Aja Fatu ta ce ba a zama a gidanta babu suna, ta ba ni nata, na zama Jop. Ban san abin da na ɗauko ba. Ashe akwai wasan taubasantaka tsakanin Jop da Njay, irin na Barebari da Fulani. Kafin gari ya waye duk wani Njay na layin ya san an yi sabon Jop daga Makka. Mai shagon burodi, Njay ne, kullum in na wuce sai ya kira ni bawansa, ya ce a ɓoye shinkafa ga acici nan ya fito. Tun ina jin nauyi har na koyi ramawa da hannu, ina nuna tumbinsa.

Maganar shinkafa kuwa, ba ƙarya ya yi ba. Da rana ake kawo ta a faranti ɗaya babba, jajir, da kifi a tsakiya da rogo da kabeji da gauta. Mu a Jidda mun saba da cin taro, amma kowa kai hannu yake inda ya ga nama. A can kuwa gabanka kawai za ka ci, uwar gida ce ke gutsuro kifi da yatsu tana turo wa kowa rabonsa. Ranar farko na ga an zuba ƙanzo a gefena, na ture shi a hankali don kada in kunyata mai girki. Aja Fatu ta tsaya da ci. Ta ce wa Ummu Faisal ta tambaye ni ko wani laifi ta yi min, don ƙanzon nan shi ake faɗa a kansa a gidan, ta hana jikokinta ta ba baƙo. Na jawo abina na cinye, kuma gaskiya jikokin sun san abin da suke wa faɗa.

Washegarin isowarmu da sassafe na gangara ƙarƙashin gada ta gefen tsibiri. Na tuɓe takalmi, na naɗe wando, na yi bisimilla na tsoma yatsa na lasa. Gishiri ne zalla, har da ɗan ƙarnin kifi. Na san labarin, na san damina ba ta yi nisa ba, amma duk da haka ban ji daɗi ba. A raina ruwan daɗi nake so in kai wa Baba, ruwan da ya taɓa rugawa yana shelarsa. Na ce ba komai, muna da sauran kwanaki, wataƙila ya sauko kafin mu tafi. Daga ran nan kowace safiya sai na je na lasa kafin in karya.

Da rana kuma mu yi abin da ya kawo mu. Mun hau keken doki an zaga da mu, mai keken yana bayani da Faransanci. Zai tsaya gaban wani gini ya yi ta magana har dokin ya fara gyangyaɗi, in na tambayi Ummu Faisal me ya ce, sai ta ce, ya ce tsohon gida ne. Na ce duk wannan dogon zancen? Ta ce sauran sunayen Nasara ne, ba za su amfane ni da komai ba. Mun tsallaka unguwar masunta, inda jiragen ruwa masu zane suka fi motoci yawa, awaki da yara da kifi duk a titi ɗaya. Da yamma kuma matan gari sukan ci ado su fito yawo a hankali, ba don za su ko'ina ba, sai don a gan su. Ummu Faisal ta ce wannan al'ada ta yi mata, ta sayi yadi kala uku.

Akwai abu ɗaya da muka daɗe muna ƙaryata Baba a ɓoye. Yakan ce a garin akwai masallaci mai ƙararrawa a hasumiya, mu kuma mu haɗa ido mu ce tsufa ya sa ya gauraya masallaci da coci. Na je da kaina na ɗaga kai, ga ta nan a rataye. Wani dattijo a ƙofar masallacin ya ce an ce Nasaran da ne suka matsa a sa ta, wai kiran salla na hana su barci. Na tsaya na nemi gafarar Baba a zuciyata, na kuma yi dariya ni kaɗai. Makarantarsu kuwa ban same ta yadda nake so ba. An nuna min wata doguwar katanga a arewacin tsibirin, mai gadi ya ce ba a shiga, kuma bai taɓa jin an yi yara a wurin ba. Na auna tsawon katangar da ido, na ce lallai Baba ya yi ƙarfin hali.

A bakin gadar akwai wani tsoho da nake tararwa kullum yana gyaran komarsa ta kamun kifi, ana ce masa Bay Demba. Ya yi kwanaki yana kallona kawai. Wata safiya na taho da Ummu Faisal, sai ya kira ta ya tambaya ko mijinta lafiya yake. Ta ba shi labarin Baba. Tsohon ya ajiye komar. Ya ce shi ma ya yi wannan lasar yana yaro, kuma rabon da ya ga wani ya yi tun kafin ya yi aure. Ya ce yanzu an yi madatsa a sama, an kuma yanka bakin teku a ƙasa, kogin ya rikice, ko ruwan daɗin ya zo ba ya zama kamar da. Kuma kowa na da famfo a gida, wa zai jira kogi? Na sa ta tambaye shi ko zai sauko kafin mu tafi. Ya kalli ruwan, ya kalli sama, ya girgiza kai. Ya ce da saura sosai.

Ran nan ban ji daɗin shinkafa ba. Da yamma na kira Yaya Hadiza, ta ce jikin Baba na nan yadda muka bar shi, ko ma ya ɗan ƙara saki. Amma ta ce sau biyu yana tambaya ko Auta ya kai gada. Na ce wa Ummu Faisal ko in sayi ruwan roba in kai masa in ce na kogi ne, tunda daɗi yake so. Ta ce, "Tsohon da ya yi shekara hamsin yana gane yadi da taɓawa shi za ka yi wa wayo? Abin da ya aike ka shi za ka kai." Na bar maganar, don ta fi ni gaskiya.

Safiyar da za mu tafi na sayi sabuwar jarka irin ta alhazai, na gangara. Yaran layin sun riga sun gano ni, sun daɗe suna leƙen Balaraben Jop mai lasar kogi. Ran nan suka biyo ni gaba ɗaya, suka jeru a bakin ruwa, kowa ya tsoma yatsa ya lasa ya yamutsa fuska yadda nake yi, suna ta ƙyalƙyala dariya. Tsokana ce, na sani. Amma da na waiwaya na ga Bay Demba ya miƙe tsaye yana kallonsu, komar a ƙasa. Na cika jarkata na hau.

A barandar Aja Fatu na nuna musu aiki. Na toshe bakin jarkar da leda, na ɗaure da zare, na sa ta a buhun roba, na yanka kwali daidai jikinta, na naɗe da salatif, na yi mata hannu da igiya. Har mai burodi ya zo kallo, ya ce ashe Jop na da wani amfani ban da ci. Aja Fatu ta ce ita dai ta ga abin mamaki, kowa daga Makka yake kawo ruwa, ni kuma zan kai. Ta rungume Ummu Faisal, ta cusa mana ƙullin ƙanzo a jaka.

To ga labarin jarkar da kuke ta so. A filin jirgin Jidda kowa ya san ruwa yana da nasa matsayi. Alhaji zai zo da akwatunansa, ga kwalin zamzam daban, a karɓa ba a ko ɗora shi a kan nauyin kaya. Ni a haka na tashi, ban taɓa kawo wa raina cewa ba haka duniya take ba. Muka isa filin jirgin Dakar, na miƙa akwatuna, sannan na ɗora kwalina a gefe na ce wa Ummu Faisal ta tambayi yarinyar da ke karɓar kaya ina ake ajiye ruwa. Yarinyar ta ce wane ruwa? Na ce ruwa mana, na fasinja. Ta kira wani, wanin ya kira mai kaki. Suka tambaya mene ne a ciki, aka ce ruwan kogi. Na magani ne? A'a. Na bincike ne, akwai takarda? A'a, tsaraba ce. Mai kakin ya ce a buɗe. Ina ji ina gani aka sa reza aka farke ɗaurin da ban taɓa yin mai kyansa ba.

Suka shinshina, suka yi shawara, suka ce jarka ba za ta hau ba, ko da kuɗi. Na manta ba sa jin Larabci, na shiga yi musu bayani da ƙarfi, ina cewa ya jama'a, haram alaikum, tsoho ne ke jira. Ummu Faisal ta ja hannun rigata ta ce, "Halas, ya isa. Kawo nan." Ta fitar da 'yar robar ruwan da muke sha, ta shanye sauran, ta cika ta daga jarkar, ta yi wa mai kakin magana a hankali. Ban san me ta ce ba, na dai ji ta ambaci uba. Mutumin ya kau da kai, ya ce in a cikin akwati ne, shi bai ga komai ba. Ta tura robar tsakiyar sababbin yadinta ta zuge. Sauran ruwan ban iya zuba shi a kwata ba. Na fita da jarkar waje na juye a gindin wata bishiya, na dawo ina share ido da hula.

Da muka buɗe akwatin a gida, murfin ya saki a hanya. Yadi kala biyu sun jiƙe sun yi ƙarni, kuma har yau ana min gorin su. Abin da ya rage a robar bai fi finjali uku ba. Ummu Faisal ta tace shi, ta tafasa, ta bar shi ya huce, ta zuba a ƙaramin kwano mai murfi.

Baba ya rame fiye da yadda na bar shi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba ga saƙonka, amma ka yi haƙuri, ban samu mai daɗin ba. Ya juyo daga bango. Ya laluba, na kai hannunsa bakin kwanon. Na ɗauka sha zai yi. Sai ya miƙa yatsa ɗaya ya tsoma, ya kai harshe, yana juya shi a baki. Can na ga gefen bakinsa ya motsa.

Ya ce, "Bai sauko ba tukuna."

Na ce e, Baba, bai sauko ba.

Ya ce, "Ka ga yaran a bakin gada?"

Na ce na gan su, sun jeru suna lasa. Kuma Allah ya sani ban yi ƙarya ba.

Ya gyaɗa kai. Ya tambaya ko ƙararrawar na nan, na ce tana nan. Ya ce ai ya san ba mu yarda ba. Daga nan ya kama labarin katanga da bulala tun daga farko, da sunan sajan ɗin da ya doke shi, har Yaya Hadiza ta fita tsakar gida tana kuka. Da ya gama ya ce a ba shi kunu.

Yanzu kwanon yana kusa da matashinsa. Kowace safiya bayan salla sai ya laluba murfin, ya tsoma yatsa, ya lasa, ya ce bai sauko ba tukuna, sannan ya ce a kawo abin kari. Ba na cewa ya warke, tsufa ba ya warkewa. Amma yana ci, yana tambayar wa ya shigo, jiya har faɗa ya yi wa Faisal a kan aski.

Shekaranjiya Ummu Faisal ta same ni a kicin ta ce ruwan fa yana raguwa. Ta ce me zai hana mu riƙa ɗiga masa na daɗi kaɗan-kaɗan, yadda wata safiya zai lasa ya ji ya sauko, ya yi murna irin ta yarinta. Na daɗe ina tunani, don ni ma ina son in ga wannan murnar. Amma na san abin da mutum yake yi in abin da yake jira ya iso: ɗaukar kayansa yake yi ya tafi. Na ce mata a'a, a bar shi da gishirinsa.